Takalmin Ƙafar Hagu

Daga Baffa zuwa ga 'yar wansa

Uwata,

Na kira ki da haka tun ranar da aka sa miki sunan mahaifiyarmu, ba kuma zan daina ba don kin zama malamar makaranta a gari mai nisan kwana biyu. Ina fata takardar nan ta same ki a tsaye da ƙafafunki, ke da maigidanki da yaran nan biyu. Mu nan da godiya. Gwiwata ta dama tana yi mini tsegumi duk lokacin da zan tashi. Tela, wanda ke riƙe da biro yana rubuta abin da nake faɗa, ya karya hannun tabarau ɗinsa ya ɗaure da zare. In kin ga layi ya karkace laifinsa ne, maganata a miƙe take fita.

Wayar da kika aiko tana cikin akwati. Na sha gaya miki kunnena ba ya kama maganar da ban ga bakin mai ita ba.

Takardarki ta iso, an karanta mini sau biyu. Wato kin samo wani gida kusa da ke, inda ake kula da tsofaffi masu ciwon mantuwa, da likita da gado mai ƙarfe a gefe, kina so in hutun makaranta ya zo ki ɗauki mahaifinki ki kai shi. Amsata gajera ce: a'a. Tela ya ce in tausasa. A'a, don Allah. To, na tausasa.

Shekara arba'in da ɗaya ni da Yaya muna rumfa ɗaya a bakin titin tasha. Shi ke gyaran takalma, ni nake karɓa in bayar. Ba mu taɓa manna wa takalmi takarda ba, domin ni ban san ko bihim ba. A kaina nake riƙe na wane ne, yaushe ya kawo, me ya ce a yi masa, kuma ban taɓa ba wani na wani ba. Wanda ya riƙe takalman gari guda a kansa ba zai kasa riƙe wansa ɗaya tilo ba.

Kin tambayi jikinsa. Yana ci, in an sa masa cokali a hannu. Abin da ya dame ni zirga-zirga ce. Daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, har ledar ɗakin ta yi hanya. Ya taɓa sakata, ya shafa aljihu kamar mai neman makulli, ya ce, “An buɗe?” In ce an buɗe. Ya ce, “Wa ke wurin?” Kafin in amsa ya juya. Hannuwansa ba sa zama, bakin rigarsa yake murzawa kamar yana jan zare. Ni ma na kamu. Jiya na tsinci kaina ina bin bayansa, mu biyu kamar kaji a akurki. Tun bara da kika sa aka kulle akwatin kayan aikinsa don kada ya soki kansa da basilla, bai zauna wuri ɗaya ya sha kofin shayi har ƙarshe ba. Ban ce laifinki ne ba. Na dai faɗi lokacin da abin ya fara.

Ni yana gane ni. Ba ya kiran sunana, amma in na shigo yakan ce, “Ka dawo?” Sauran mutane kuwa, har Tela da suka yi shekara talatin suna faɗa a kan inuwar rumfa, sai ya ce, “Wannan bawan Allah fa?”

Na san abin da ya faru da kika zo bara yana nan a ranki. Kin tsaya a tsakar ɗaki kin ce “Baba”, ya dube ni ya ce in sallami baƙuwar nan. Tun daga ranar ba ki sake zuwa ba. Ban ga laifinki ba, amma ina lura.

Yanzu ga abin da ya sa na tayar da Tela daga kan kekensa. Ranar Laraba na ga wani abu. Ba zan faɗa ba tukuna, domin ban tabbatar ba, kuma ba na son in ɗaga miki rai ya sake faɗowa. Ki aiko mini da tsohon takalminki. Ƙafar hagu kaɗai. Wanda ya fi kowanne cinyewa, kada ki wanke, kada ki goge. Ki ba direban da ke kawo takardu.

Baffanki, ta hannun Tela

Amsarta

Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa, da Baba, da Baba Tela da iyalinsa. Muna lafiya. Ƙaramin ya yi mura ya warke, babbar kuma ta ce a gaya wa kakanta har yanzu tana jiran labarin da ya bari a rabi.

A ɗakin malamai na karanta takardarka, tsakanin darasi da darasi, sau uku. Da na shiga aji na rubuta kwanan wata a allo ba daidai ba, yara suka gyara mini.

Takalmi ƙafa ɗaya, Baffa? Tsoho, mara wanki? Na nuna wa maigida, ya ce ƙila naku ne suka mutu, kai kuma ba ka taɓa roƙon kowa ko allura ba, shi ya sa ka zagayo ta bayan gida. In haka ne, ga sababbin takalma nan direba zai kawo, naka da na Baba, masu taushi, masu kyau ga gwiwa. Don Allah ka sa, kada ka ajiye su kusa da waya.

In kuwa ba haka ba ne, to ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ka tuna yadda na Baba ya fara? Da ya dage a ba shi makullin gidan da aka rushe shekara ashirin. Dukanmu dariya muka yi. Likitan gidan nan ya ce ciwon yakan bi 'yan'uwa wani lokaci. Ba na cewa komai, Baffa. Ina dai roƙon in na zo ka yarda a duba ka kai ma.

Ba yar da Baba zan yi ba. Mu a hawa na uku muke, daga safe zuwa yamma ba kowa a gida, ba zan iya ajiye shi a nan ba. Gidan kuwa tafiyar minti goma ce daga makarantarmu, kullum zan leƙa. Sun yarda su riƙe masa gado har Asabar ta farkon hutu. Kai shekararka saba'in da huɗu, da gwiwa ɗaya. In ka faɗi, wa zai ɗaga ku ku biyu?

'Yarka

Daga Baffa

Uwata,

Gaisuwa, da fatan mai mura ya koma ɓarnarsa. Mu muna nan da rai. Mako uku na yi shiru. Na farko fushi ne, sauran biyun kunya.

Ni za a kai wa likita? Ni da zan iya gaya miki launin rigar da ke jikinki ranar da haƙorinki na farko ya fita? Mu bar wannan, zan dawo kansa.

Akwai abin da na ce wa Tela kada ya rubuta. Ya ce in ban faɗa ba zai ƙara shi a ƙasa da kansa, ni kuma ba zan sani ba. Kin ga sharrin masu ilimi. To gara ki ji daga bakina.

Takalman sun iso. Ni da na yi niyyar in jefa su ƙarƙashin gado, Tela ya sa ni a gaba. “Yarinya ta yi ɗawainiya, kai kana jan waɗannan gawarwaki biyu a ƙafa. Ko kare ya tsince su sai ya nemi ruwan kurkure baki.” Ya ɗauke tsofaffina ya wurga cikin duron shara. Na sa sababbin, na ɗauki shayin Yaya na shiga ɗaki.

Bai dubi fuskata ba. Ƙasa ya duba. Ya ce, “Malam, lafiya? Wa ya ba ka izinin shigowa?”

Na yi dariya na ce, “Yaya, ni ne.”

Ya ce, “Kai wa? Ina yaron nan?”

Yaron nan ni ne, da furfurata. Ya ture kofin, ya manne da bango. Na fita in kira Tela, ban ja sakata ba. Da muka dawo, ɗaki wayam.

Tun hantsi muke nema. Rumfarmu ta da muka fara zuwa, wadda yanzu shagon wayoyi ce, ba ya nan. Tasha, kasuwa, bakin asibiti, lungun masu walda. Sai da rana ta take muka sake biyowa ta titin tasha, ga shi zaune a dakalin shagon, kansa a sunkuye, yana bin ƙafafun masu wucewa da kallo. Yadda ya tsallaka babban titin shi kaɗai, Allah ne ya sani. Na kama hannunsa, ya fizge ya rungume turken rumfa yana cewa, “Ƙanena nake jira, ku ƙyale ni!” Mutane suka taru. Mai shago ya ce zai kira 'yan sanda. Na zauna a gefen kwata ina shafa inda sabon takalmi ya yi mini bororo, a nan ne kaina ya buɗe.

Yanzu ga maganar Laraba. Matar direba, maƙwabciyarmu, ta leƙo da silifa a hannu, igiyarta ta tsinke, tana tambaya ko akwai sauran gam. Shekara guda ke nan Yaya bai san ta ba. Yana cikin zirga-zirgarsa ya tsaya cak, ya karɓi silifar, ya juya ta, ya bi tafin da babban yatsa. Ya ce, “Ta matar direba ce. Gefe take takawa. Na ce ta daina ɗaukar jarka a hannu ɗaya, ba ta ji.” Ita tana tsaye a gabansa bai san ta ba, amma ya san silifarta. Bayan na aiko miki da waccan takarda na bi gidaje na aro takalma shida. Biyar ya faɗi masu su, da aikinsu, da yadda suke tafiya. Na shida sabo ne, ya ce, “Wannan ba kowa a ciki.”

Na san wannan duka, Uwata, amma ban taɓa kawo wa raina cewa ni ma ta ƙafa yake gane ni ba. Na ɗauka ni jini ne ya riƙe ni a kansa. Ashe don ni kaɗai nake shiga ɗakin da takalmi ne, saboda gwiwa ba ta barina in sunkuya in kwance maɗauri. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Na bar Tela yana gadinsa, na koma gida, an riga an kwashe duro. Na bi amalanken mai shara har juji, ina ɗingishi, sababbin takalma a hammata. Mai shara ya ce, “Baba, zinariya ka yar?” Na ce ta fi zinariya. A ƙarƙashin ɓawon albasa muka tono su. Da la'asar na tsaya a gaban Yaya da su a ƙafata. Ya dubi maɗaurin da shi ya ɗinke da jan zare shekara tara da suka wuce, ranar da baƙi ya ƙare mana. Ya ce, “Ina ka shige tun safe? Ka bar ni da rumfa ni kaɗai.” Ya kama hannuna muka tsallaka.

Ranar da kika zo bara, a bakin ƙofa kika cire takalmi kika shigo da farar safa. Ko ba ki cire ba, sabo ne, mai tsini, ruwan toka. Me zai gani?

Saura ɗaya, tunda yau ranar tonon asiri ce. Na fasa kwaɗon akwatin kayan aikinsa. Na ba shi zare da kaki da guduma da basilla ɗaya. Maƙwabta suna kawo tsofaffin takalma, yana zama a kansu daga hantsi har azahar. Ɗinkin ba ya tafiya daidai, amma yana zaune. Ledar ɗaki ta samu hutu.

Ki aiko da abin da na ce. Da tsohuwar zuma ake magani.

Baffanki

Amsarta

Baffa,

Ina gaishe ku. Muna lafiya, in ban da ni da na kasa zama tun da takardarka ta zo. Takardun jarrabawa ɗari da ashirin suna kan tebur, na duba tara.

Ya tsallaka babban titi shi kaɗai. Wannan layin nake ta komawa kansa. Titin da manyan motoci ke fitowa daga tasha ba birki. Kai kuma ka bi amalanke har juji da wannan gwiwar, a cikin rana. Sannan mako uku ban sani ba, ina nan ina koya wa 'ya'yan mutane lissafi. Kuma ka ba shi basilla! Baffa, ka sa a karanta maka takardar nan taka, ka ji ta da kunnena, ka gaya mini wace 'ya ce za ta ji wannan ta bar mahaifinta a wurin.

Maganar takalmi na ji. Ban ce ƙarya ka yi ba, ka yafe mini batun likita in ya ɓata maka rai. Amma ba ka san yadda na dawo bara ba. Kwana biyu a mota fuskata a jikin gilashi, matar da ke kusa da ni tana tambaya wa ya rasu. Na kasa ce mata ba wanda ya rasu, sallamata kawai aka yi. Na daɗe kafin in lallashi zuciyata ta haƙura cewa Baba ya tafi ya bar jikinsa. Yanzu kana so in kwance wannan ɗaurin saboda silifar matar direba. In ya riƙe nawa ya ce ba kowa a ciki fa?

Ko ma na yarda, ba ni da tsohon takalmi. Nan ba a gyara, in ya mutu yarwa ake yi. Duk na wurina bai taɓa ganinsu ba.

Zan zo Asabar ta farkon hutu da mota, maigida zai tuƙa. Don Allah ka haɗa masa kayansa. Kai ma akwai wurinka a ɗakin yara, in za ka yarda.

'Yarka

Daga Baffa

Uwata,

Lafiya muke, ku ma Allah ya sa haka. Yau ba doguwar gaisuwa, direba yana ɗumama mota, Tela kuma yana da wando uku a kan keke.

Kina da shi. Baƙin sau-ciki, mara tsini, wanda kika yi shekarun kwalejinki a cikinsa. Ana jibi za ki tafi kama aiki Yaya ya sa masa sabon tafi, ya ƙara fata a dunduniyar hagu domin kina jan wannan ƙafar tun kina koyon tafiya. Kika ce ba za ki shiga sabon gari da tsohon takalmi ba. Ya karɓe su. Ya naɗe su a jarida ya sa a can ƙasan koren akwatin ƙarfe, ƙarƙashin bargon mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Ni na ɗaure akwatin da igiya, ni na ɗora shi a mota. In ba ki yar da bargon ba, takalmin yana nan. Je ki duba, sannan ki gaya wa likitanki.

Gaskiyarki a kan titi. Ni na bar ƙofa. Kafinta ya sa sakata ta sama da ƙararrawa, matar direba kuma ta ce za ta riƙa zama da shi in zan fita. Kin ce in na faɗi wa zai ɗaga mu. Kina tsammani ban taɓa tambayar kaina ba? Kullum in zan tashi daga tabarma sai na yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na sani. Ban iya faɗa ba ne kawai.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki koma gidan nan da kika samo. Kada ki dubi gado, kada ki dubi likita. Ki dubi ƙasa, ki gaya mini abin da ke ƙafafun mutane.

Ga alkawarina, Tela shaida. Ki aiko da na hagu. In ya riƙe bai san ki ba, ni da hannuna zan ɗaure masa jaka, in riƙe masa ƙofar mota, ba za ki ji bakina ba. Ba zan raɗa masa komai ba, ba zan ƙara gishiri a abin da ya faɗa ba. Kin san ni. Taurin kai gare ni, ba ƙarya ba.

Baffanki

Amsarta

Baffa,

Gaisuwa. Yana nan. Ƙarƙashin bargo, cikin jaridar da ta zama ruwan ƙasa. Shekara goma sha shida ina jan akwatin nan daga haya zuwa haya ban taɓa kai hannu ƙasansa ba. Na zauna a daɓe da shi a cinya har yara suka dawo suka same ni a haka. Ɗinkin dunduniyar ƙanana ne, a jere, kamar da ma'auni aka yi. Ko sau ɗaya ban taka shi ba bayan gyaran. Ban ma ce masa na gode ba.

Na je gidan bayan an tashi daga makaranta. Na dubi ƙasa kamar yadda ka ce. Ma'aikata duka farin takalmin roba suke sawa, iri ɗaya, daga likita har mai goge daɓe. Tsofaffin kuma ana karɓe nasu a ajiye, a ba su silifa shuɗiya mara santsi don kada su faɗi. Mutum talatin, silifa ɗaya. Mutanen kirki ne, Baffa, wurin tsaf yake. Na tsaya a baranda ina ƙirga shuɗin silifa har wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko na yar da wani abu.

Ban soke gadon ba. Ga na hagu nan, ban wanke ba, ban goge ba. Na dama yana wurina. Duk abin da ya ce ka rubuto shi yadda yake, ko da babu daɗi. Saura kwana goma sha takwas a yi hutu.

'Yarka

Daga Baffa

Uwata,

Muna gaishe ku da yara. Jiki da sauƙi. Na sa Tela ya rantse zai rubuta yadda na faɗa, ni ma na rantse zan faɗa yadda aka yi.

Ranar Litinin na cusa shi cikin takalman maƙwabta guda huɗu, na ajiye a gaban Yaya, na koma bakin ƙofa na kama bakina. Ya ɗauki na mai gadi ya faɗa. Ya ɗauki na matar Tela ya faɗa, har da cewa tana da nauyin ƙafa, Tela ya ce wannan gaskiya ne. Ya zo kan naki. Ya juya shi, ya bi dunduniyar da yatsa, ya sa hannu ciki. Ya daɗe. Sannan ya ajiye shi gefe, ya tashi ya koma zirga-zirga. Ƙofa, taga, ƙofa, taga, har yamma. Ya ƙi abinci.

Na ɗauko jaka. Riga huɗu, wando uku, hula, bargo, maganinsa. Ina ninkewa Tela yana cewa in jira gobe. Na ce alkawari ba ya jiran gobe. Na ɗaure na ajiye a bayan ƙofa.

Talata da hantsi ya zauna a kan benci da kansa. Ban miƙa masa komai ba. Ya tsallake sauran ya ɗauki naki, ya kai shi wajen hasken taga. Ya ce, “Yarinyar nan har yanzu tana jan ƙafar hagu?”

Na ce, “Wace yarinya, Yaya?”

Ya harare ni kamar yadda yake yi a da in na yi tambayar banza a gaban mai kaya. Ya ce, “Na ƙara mata fata ba ta taka ba. Fushi take yi da ni?”

Na ce ba ta fushi.

Ya ce, “Ba a gyara ɗaya. Ina ɗan'uwansa? Ka ce ta kawo da kanta, ƙafa takan canja, sai na gani.”

Ke ba ki zauna a rumfa ba, bari in gaya miki wani abu. Takalman mutane a kan kanta muke jerawa. Namu na iyali kuwa ƙarƙashin benci yake turawa, kusa da ƙafarsa, sai an rufe kasuwa ya yi su a tsanake. Da na zo tattara kaya na kai hannu zan haɗa naki da na maƙwabta, sai ya buge mini hannu. Ya ce, “Kai, ba ka da ido? Wannan na gida ne.” Ya tura shi ƙarƙashin benci ya ɗora ƙafarsa a kai.

Shi ke nan abin da aka yi. Bai faɗi sunanki ba. Bai ce 'yata ba. Na jira Laraba, na jira Alhamis, bai faɗa ba. Kullum dai da safe sai ya leƙa ƙarƙashin benci, ya ce, “Ba ta kawo ba?” Ba zan ce miki in kin zo zai dubi fuskarki ya san ki ba. Ƙila ƙafarki kawai zai riƙe. Ciwon nan ba baya yake komawa ba, wata rana takalman ma za su tafi, nawa da naki. Na san wannan.

Tela ya ce na ci. Ni na ce ban sani ba, domin cewa na yi in ya san ki, kuma ban san ko wannan ya kai sani a wurinki ba. Ba ni zan yanke ba. Jaka tana nan a ɗaure a bayan ƙofa, ina tuntuɓe da ita sau goma a rana. In mota ce, a shirye take. In ba mota ba ce, to kada ki cire komai a bakin ƙofa. Ki shigo da na dama a ƙafarki har tsakar ɗaki, ko da taɓo.

Baffanki

Amsarta

Baffa,

Kwance jakar.

Na je na ce su ba wani gadon. Akwai mai jira, 'yarta ta yi kuka don murna, ni ma na taya ta.

Asabar ina tafe a motar haya, ni kaɗai, hutun duka a nan zan yi shi. Kafin in koma sai mun samo wanda zai riƙa kama maka da rana, kuma ba shawara nake nema ba, taurin kan nan a gida na gaje shi. Duk wanda muka samu, takalmi ɗaya zai riƙa zuwa da shi har ya tsufa a idon Baba. Batun likita na janye rabi. Kanka lafiya lau yake, gwiwa kuwa sai an gani.

Na gwada na dama jiya. Ya matse ni, gaskiyarsa, ƙafa takan canja. A jaka zan riƙo shi, in na sauka a bakin layi in sa. Ka gaya wa Baba Tela in ya ga malamar makaranta tana ɗingishi, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa, ya riƙe dariyarsa har in shige.

In Baba ya leƙa ƙarƙashin benci gobe ya tambaya, ka ce masa ba ta fushi. Ka ce tana kawowa.

'Yar gida